Ranar da Kyamara Ta Shiga Lungun Lallaɓa

Sunan Lallaɓa ba daga gida ya zo da shi ba, a bakin aiki ya same shi. Yana saurayi, gemu bai gama tsirowa ba, wani kamfanin hayar motoci ya ɗauke shi direba. Ran nan aka haɗa shi da ma'aikatan talabijin da suka zo yin shirin tafiye-tafiye. Babbansu wani dogo ne mai furfura a gefen kai, kowa Darakta yake ce masa. Ya saɓa kyamara a kafaɗa, ƙatuwa kamar ɗan maraƙi, ya fito da bakinta ta tagar mota, ya ce, "Direba, ka lallaɓa. In ka girgiza ni, ka girgiza duk wanda zai kalla." Rami ya zo, lallaɓa. Kwana ta zo, lallaɓa. Kafin a dawo gari sauran direbobi sun cafe kalmar, ta manne masa har ta danne sunansa na gaskiya.

A wancan zamanin ɗaukar tafiya aiki ne mai fitar da gumi. Bayan mota cike yake da akwatunan ƙarfe, da ƙafafuwan kyamara, da batura masu nauyi kamar bulo, da kaset-kaset da ake lulluɓewa kada rana ta taɓa su. Kaset yana ƙarewa, saboda haka ba a danna shi a banza. Sai su sauka a bakin kogi tun safe, su zauna suna kallon ruwa, suna jiran haske ya yi yadda suke so, Lallaɓa yana kwance ƙarƙashin mota yana gyangyaɗi. In an shiga ƙauye, kyamara tana mota tukuna. Sai an gaisa, an zauna, an faɗi abin da ya kawo su, an ce musu bismillah, sannan a buɗe akwati.

Ba waliyyai ba ne, kada a yi musu ƙarya. Darakta ya taɓa sa wani manomi ya cire agogon hannunsa ya ɓoye rediyonsa a bayan rumbu, wai ba su dace da hoton ba. Abin bai yi wa Lallaɓa daɗi ba. Amma manomin ya san abin da ake yi da shi, har dariya ya yi, ya ce in suna so ya cire takalmi ma sai a ƙara masa bayani.

Daga baya kyamara ta ƙanƙance ta koma tafin hannu. Baƙin Lallaɓa suka zama tsofaffin ma'aikata da suka ajiye aiki, da iyalai masu hutu. Waɗannan komai ɗauka suke, hannu na rawa, ba tsari. Wani dattijo ya ƙarar da rabin kasetinsa a kan akuya tana cin kwali. Ba wanda zai kalli abin sai 'ya'yansu da jikokinsu, su ma don dole. Lallaɓa bai taɓa jin haushinsu ba. A lokacin ne ya tara ya sayi motar kansa, ya yi aure, ya gina ɗan gidansa a lungun da ke bayan layin makanikai.

Sai waya ta zo, kyamara ta juya baya.

Yana tuna ranar da ya fara lura. Wata budurwa ce ya ɗauka zuwa inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, tafiya mai nisa, hanya duk tsakuwa. Suna isa ta fito, ta ba ruwan baya, ta ɗaga waya a kan sanda, ta gyara gira, ta yi ta surutu da fuskarta tana cewa ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Ta gama, ta shige mota.

"Hajiya, ba za ki juya ki kalla ba?"

"Zan gani a waya, Baba. Kunna mana sanyi."

Tun daga nan motarsa ta zama ɗakin canza kaya, ta zama kwandon shara. Za a sayi abinci a bakin hanya, a gutsura, a lumshe ido a ce wayyo daɗi, ana kashe waya a tofar a leda a cusa masa ƙarƙashin kujera. Sai rana ta yi zafi wari ya tona asiri. Za a tara yara a ce su bi mota da gudu suna ɗaga hannu, in bai yi ba a ce su koma su sake, har ƙananan su fara haki. Ya ga wanda ya shafa man zafi a ƙasan ido kafin ya shiga gidan marayu. Ya ga wadda ta rungumi mai sayar da itace, tana fita daga hoto ta wanke hannu da ruwan gora har gwiwar hannu, matar tana tsaye tana kallonta. Duk wannan Lallaɓa ya gani ta madubin mota, ya haɗiye. Bayansa ya fara ciwo, ba wata sana'ar da ya iya, kuma su ne masu hayar mota yanzu. In ya dawo gida sai ya wanke motar, ya wanke hannunsa, ya shiga. Bai taɓa nuna wa baƙo ko da hanyar unguwarsu ba.

A gidan su huɗu ne. Shi, da matarsa mai ɗinki wadda kekenta ke falo, da Auta da ta gama karatu tana zaman jiran aiki, da mahaifiyarsa, Iya.

Iya ta tsufa ƙwarai, hankalinta yana zuwa yana tafiya. Kullum da safe surukarta ce ke yi mata wanka, ta shafe ta da mai, ta ba ta abinci, sannan a fito da ita ƙofar gida a zaunar a kujerarta. Akwatinta cike yake da zannuwa sababbi, amma ta rantse ba ta ɗaura kowanne sai wani koɗaɗɗe da ya sha wanki har ya yi shara-shara. In an ɓoye shi ba za ta ci abinci ba. Ƙofar nan ita ce duniyarta. Makanikai, 'yan makaranta, mai ruwa, mai gyaran takalmi, duk wanda ya wuce sai ta ɗaga masa hannu ta tambaye shi mutan gida, ko ta san shi ko ba ta san shi ba. Ranar da ruwan sama ya hana a fito da ita, wuni take tana mita.

Kuma tana da wata magana da ta zame mata jiki tun tana da ƙarfinta. Ko me aka tambaye ta, ko gajiya, ko ciwon ƙafa, sai ta buɗe hannu ta ce, "Ni ba ni da kowa sai Allah." Tana faɗa ko da jika a cinyarta, ko gida ya cika ba wurin sa ƙafa. Auta takan tsokane ta, "Iya, mu fa? Gumaka ne?" Sai ta ce, "Ku ma nasa ne, ja'ira." A yi dariya a wuce.

Wani mako, wanda ya ɗauki hayar Lallaɓa wani matashi ne da ke kiran kansa Sarkin Yawo. Baƙin tabarau, haƙora farare tas, turare mai hawa kai. Yana tare da wani abokinsa mai riƙe masa waya ta biyu. An ce masu bin sa a intanet sun fi mutanen wani garin yawa. Tun safe yake tsaki. An kai shi kasuwa ya ce ta yi tsafta da yawa. An kai shi tsohuwar gada ya ce kowa ya ɗauke ta.

"Baba, mutane sun gaji da duwatsu da ruwa. Yanzu hawaye ake kallo. Ba ka san wani wuri mai taɓa zuciya ba?"

"Yallaɓai, ni hanya na sani."

Suna dawowa da rana taya ta yi faci, kuma ba ta tashi yi ba sai a bakin layin makanikai. Lallaɓa ya ji daɗi ma, don ya san mai facin wurin. Ya bar musu na'urar sanyi a kunne, ya kwance tayar, ya gangara da ita. Ya tarar da layi, ya zauna jira, aka taɓa hira. Da ya dawo ya same su a mota sun haɗa kai a kan waya, abokin yana dariya, Sarkin Yawo yana goge ido da hankici.

"Baba, wannan tayar taka alheri ce. Mun ɗan taka ƙafa, mun samo kaya."

"To madalla," in ji Lallaɓa yana ɗaure noti. "Allah ya sa a dace."

"Amin, Baba."

Da bakinsa ya yi addu'ar. Abin da ya fi damunsa ke nan daga baya. Da yamma matarsa ta ce masa wasu samari sun wuce sun ajiye wa Iya burodi da zane a leda lokacin da ita take ciki tana yankan atamfa, ya ce Allah ya saka musu, bai kawo komai a ransa ba.

Bayan 'yan kwanaki yana wanke mota da safe Auta ta fito ba ko takalmi, waya a hannu.

"Baba, ka ajiye bokitin nan."

"Lafiya?"

"Ka ajiye dai."

Wani kiɗa ne ya fara tashi, a hankali, irin mai sa jiki ya mutu. Sai bangon gidansa, daidai inda siminti ya ɓare. Sai koɗaɗɗen zane. Sai kwanon da Iya ta gama cin abinci a ciki, an kusanto da shi har ana ganin ƙuda a bakinsa. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: NA TSINCI TSOHUWAR DA 'YA'YANTA SUKA YASAR. Sarkin Yawo ya durƙusa a gabanta, ya cire tabarau, ya kama hannunta.

"Iya, ina 'ya'yanki?"

Iya ta buɗe hannu. "Ni ba ni da kowa sai Allah."

Aka maimaita maganar, aka rage mata sauri, aka ƙara kiɗa. Sarkin Yawo ya juyo da jajayen idanu ya ce tafiya ta koya masa abubuwa da yawa, amma yau zuciyarsa ta karye.

Lallaɓa ya tsaya da soso a hannu, kumfa tana zuba a kan ƙafarsa. Auta ta ja rubutun da ke ƙasa, ba ya ƙarewa. Allah ya tsine wa 'ya'yan. Allah ya sa su ma nasu su yi musu haka. Wata ta rubuta cewa ba laifin ɗan ba ne, a bincika za a tarar muguwar suruka ce. Ɗaruruwa suka goya mata baya. Can ƙasa wani ya rubuta cewa ya gane wurin, lungun bayan makanikai ne.

"Kada ki nuna wa uwarki," ya ce.

"Ita ta fara gani. Tana ɗaki."

Kafin azahar mai waya na farko ya iso. Washegari lungun ya koma kamar tasha. Samari da 'yan mata, kowa da waya a kan sanda, kowa da ledar burodi, suna bin layi don su durƙusa a gaban Iya. Ita kuwa murna take, ta ga mutane, tana ta tambayar mutan gida. Wani ya zo da yagaggiyar tabarmarsa daga gida, yana so a sauke ta daga kujera a zaunar da ita a kai. Wata ta tambaye ta ina 'ya'yanta, Iya ta nuna cikin gida ta ce suna nan, yarinyar ta yi tsaki ta ce wa mai ɗaukarta, "Goge wannan, a sake tambayarta." Matar Lallaɓa ta fito da kofin ruwa za ta ba Iya magani, wani ya ɗaga mata hannu.

"Anti, ɗan matsa, kina shiga hoto. Kayanki sun yi kyau da yawa."

"A ƙofar gidana?"

"Au, ke ce surukar?" Sai duk wayoyin suka juyo kanta.

Ta koma ciki da gudu, ta rufe ƙofa, ta jingina da ita tana kuka. Wannan matar ita ce take wanke wa Iya jiki shekara da shekaru, take tashi in ta yi tari, take haƙuri in ta zage ta don ta ɗauke ta wata ce daban. A makon nan mata biyu suka aiko a karɓar musu atamfofinsu ba a ɗinka ba. Maƙwabta sun san gaskiya, wasu sun faɗa, amma ba wanda ya ɗauki masu faɗar gaskiyar. Wanda aka ɗauka shi ne mai shagon bakin lungu, wanda bai taɓa ba Iya ko ashana ba. Ya sa sabuwar riga ya tsaya a gaban shagonsa, inda allon sunan shagon zai fito sosai, ya ce su dai maƙwabta suna iya bakin ƙoƙarinsu.

Lallaɓa ya hana a fito da Iya. Ta wuni tana kiran a kai ta ƙofa, ta ƙi abinci, ta ce an ɗaure ta. Masu wayoyin kuma suka ɗauki rufaffiyar ƙofar, suka ce an ɓoye tsohuwar don asiri ya tonu.

A inda direbobi ke jiran baƙi ma bai tsira ba. Wani abokin wasansa ya tare shi da dariya: "Lallaɓa, ashe lallaɓawa ka yi ka gudu ka bar tsohuwa?" Da ya ga fuskarsa sai dariyar ta maƙale, ya ce, "Wasa nake, wallahi."

Ya tafi otal ɗin da Sarkin Yawo yake. Ya same shi a bakin wurin ninkaya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana shan wani abu mai launi ta tsinke.

"Baba! Ka ga aikin tayarka? Bidiyon ya fashe!"

"Tsohuwar nan mahaifiyata ce."

Sarkin Yawo ya zare tabarau a hankali. Lallaɓa ya jira ya ga kunya a idon. Maimakon haka, idon haske ya yi.

"Mahaifiyarka? Ta cikinka da cikinta? Kai! Kai!" Ya juya ga abokinsa. "Ka ji? Direban da ya kai mu shi ne ɗan! Wannan ai ya fi na farko!"

"Yaro, ka saurare ni. A gidana take. Matata ce ke mata wanka. Kwanon da ka nuna, abinci ta gama ci a ciki. Maganar da ta faɗa maka tun kafin a haifi ubanka take faɗarta. Ka goge."

"Baba, ni ban sa mata magana a baki ba. Ita ta faɗa."

"Ka tambayi wani a lungun?"

"Lokaci, Baba. Muna jiran taya ne fa." Ya gyara zama, ya sassauta murya. "Ko na goge yanzu, ya riga ya shiga ko'ina, wasu sun kwafa sun sa a nasu. Abin da zai wanke ka ɗaya ne: kashi na biyu. Ka fito da kanka ka faɗi gaskiya. Duk wanda ya ga na farko zai ga wannan. Ni ma ba na son a zalunci kowa."

A gida matarsa ta ce a'a. "Wanda ya jefa ka rijiya shi zai miƙo maka igiya? Ka bari, Baban Auta. Magana ce, za ta wuce."

Auta ta ce, "Baba, za su yanka. Abin da suke so kawai za su bari."

Amma Lallaɓa ya ga kansa tsohon hannu ne. Ya girma a gefen kyamara. Ya ga yadda Darakta yake zaunar da mutum ya bar shi ya yi magana har ya kai aya, ya san cewa in mutum ya yi bayani a tsanake, kalma bayan kalma, ba inda za a kama shi. Kuma kukan Iya na a kai ta ƙofa yana cin ransa. In gaskiya ta fita, jama'a za su watse, a mayar da ita wurinta. Ya kira Sarkin Yawo ya ce ya yarda, da sharaɗin duk abin da ya faɗa a sa shi.

"Har da tarinka, Baba," in ji Sarkin Yawo.

Suka zo da safe. An yi wa Iya wanka, an lallashe ta ta yarda aka yafa mata sabon mayafi a kan tsohon zanen. Lallaɓa ya sa rigarsa mai kyau, ya tsaya a gefenta ya yi bayani. Ya faɗi shekarun da ta yi a gidansa. Ya nuna ɗakinta, da gadonta, da akwatin zannuwa, da ledar magunguna. Ya ce matarsa ba ta cancanci zagi ba, ya ce duk wanda ya zage ta ya nemi yafiyarta. Ya bayyana maganar Iya, har ya ba da labarin tsokanar Auta. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sarkin Yawo yana ta gyaɗa kai.

Da ya gama, ya ga an sauke waya ɗaya, ya ɗauka an tashi. Sai ya juya ga mahaifiyarsa, ya durƙusa kamar yadda yake yi kullum kafin ya fita aiki. Ya ga ta gaji, ga rana ta fara dukanta, ga baƙin fuskoki sun kewaye ta. Muryarsa ta karye.

"Iya, ki yafe mana, mun tara miki mutane."

Ta ɗora hannu a kansa, ta leƙa fuskarsa. Ranar hankalin bai zo ba. "Na yafe," ta ce. "Wane ne?"

Waya ta biyu tana hannun abokin, ba a kashe ta ba.

Kashi na biyu bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Babu ɗaki, babu akwati, babu magunguna, babu sunan matarsa. Ga Lallaɓa a durƙushe, ga muryarsa tana rawa: "Iya, ki yafe mana." A nan aka datse. Ga hannun tsohuwa a kansa: "Na yafe. Wane ne?" Kiɗa ya tashi. A sama an rubuta: NA NEMO ƊAN, YA DAWO YANA KUKA, AMMA UWAR TA MANTA FUSKARSA. A ƙarshe Sarkin Yawo ya fito yana tafiya a bakin titi, jaka a baya, yana cewa wannan ita ce ribar tafiya, haɗa zumuncin da ya tsinke, a biyo shi gari na gaba.

Lallaɓa ya kalla sau ɗaya, ya fita bayan gida ya yi amai.

Ya kira lambar, ba ta shiga. Ya je otal aka ce sun tashi tun jiya. Auta ta rubuta gaskiyar a ƙasan bidiyon, dogon rubutu, tana yi tana share hawaye. Mutum biyu suka amsa. Ɗaya ya ce, "Ke ce 'yar muguwar?" Ɗayan ya sa hoton dariya.

Yanzu fuskarsa aka sani. A gidan mai wani dattijo ya riƙe masa hannu ya ce, "Gara da ka tuba, ɗana, uwa ba abin wasa ba ce." Wata mata da ya ɗauko daga filin jirgi ta yi ta kallonsa ta madubi, can ta ce a sauke ta a nan. Masu wayoyin kuwa suka ƙaru, don yanzu so suke su ɗauki uwa da ɗa tare. Wani har ya tambaya ko zai iya sake durƙusawa, hasken na farko bai yi kyau ba.

Daga nan ya daina ɗaukar duk wanda ya gani da sandar waya. Ya cire kujerun baya, ya koma ɗaukar kaya daga kasuwa zuwa shaguna, kwalaye da buhuna. Bayan nasa ya ƙara lalacewa. Iya kuma ba yadda za a yi ta ci gaba da zama a lungun. Suka yi shawara da yayarsa, wadda ke zaune da mijinta a wani gidan bene can ƙarshen gari, aka kwashe akwati da gado aka kai ta. Matarsa ce ta ɗaure mata kayan. Ta ninke koɗaɗɗen zanen ta sa a sama, ta yi wa Yaya bayanin magunguna dalla-dalla, ta koma mota ta zauna.

Ɗakin da aka ba Iya a hawa na biyu yake. Yana da tsafta, yana da fanka, tagarsa tana kallon bangon gidan da ke kusa. Yaya tana iya ƙoƙarinta, amma aiki take fita, ga nata ciwon gwiwar. Iya ta rage magana. Abu ɗaya take maimaitawa kowace safiya: a kai ta ƙofa.

Ran nan Lallaɓa ya biyo bayan ya sauke kaya, ya same ta zaune a bakin gado tana kallon bango.

"Tun ɗazu take yi," in ji Yaya. "Ƙofa, ƙofa. Wace ƙofa zan kai ta? Nan ba mai wucewa sai ƙadangare."

Ya ɗauki kujera ya fitar ya ajiye a kan matakala, daidai bakin ƙofar Yaya, ya tallabo Iya ya zaunar. Ta gyara mayafi, ta ɗora hannu a cinya a shirye. Matakalar shiru, sai ƙarar famfo daga wani gida. Ta jira. Ta leƙa ƙasa, ta leƙa sama. Ya ga leɓenta ya fara rawa.

Ya tsuguna a gefenta. "Iya, ga mai gyaran takalmi nan ya wuce, yana gaishe ki."

Hannunta ya tashi. "Lafiya lau. Ya aiki? Ya mutan gida?"

"Ya ce suna lafiya. Ga 'yan makaranta ma."

"Ku yi sauri, kun makara," ta ce wa matakalar, har da ɗan murmushinta.

Ya ci gaba, yana kawo mata su ɗaya bayan ɗaya, mai ruwa, makanike, mai kai yara makaranta, tana amsawa. Yaya ta tsaya a bayansu ta toshe baki da gefen mayafi.

Sai ga takun gaske daga bene na sama. Wata mata ce mai jaka a kafaɗa take saukowa. Iya ta ɗaga mata hannu da murna, ta tambaye ta mutan gida. Matar ta amsa, ta wuce taki biyu, ta tsaya. Ta juyo ta dubi tsohuwar, ta dubi mutumin da ke tsugune.

"Laa! Ba ku ba ne na bidiyon nan? Ashe nan kuka dawo? Allah sarki, bari ƙanwata ta gani, ba za ta yarda ba." Hannunta ya shige jaka.

Lallaɓa ya miƙe. Ya sunkuya ya ɗauki Iya da kujerar gaba ɗaya, bayansa ya yi ƙara, ya shige da ita, ya tura ƙofa da ƙafa. Yaya ta murɗa makulli.

Iya ta riƙe masa riga. "Ina za ka kai ni? Ba a gama wucewa ba fa."

Ya ajiye kujerar a tsakar ɗaki, ya dafa bango har numfashinsa ya dawo.

"An gama, Iya," ya ce. "Kowa ya wuce."